Gara ko tururuwa, wacce zan fara kora?

Ɗan Gumel: Salamu alaikum. Na sayi gona, ta gabas akwai suri ya kai min ƙirji, ta yamma gidan tururuwa biyu. Rumbun kara nake so in kafa, kuɗin hannuna kuma na maganin ɗaya ne. Wacce ta fi ɓarna?

Mai Kalwa: Ka yi rumbun siminti ka huta.

Ɗan Gumel: Yaya, kuɗin fa na ce babu.

Baba Manomi: Tururuwa ɓarauniyar rana ce. Kana ganin layinta, kowace da ƙwayar gero a baki, har gidanta da ta share tas. Gara ba ta son haske, rufin laka take yi ta bi ta ciki. Rumbuna na dawa lafiya lau daga waje, ranar da na jingina tsani sai ƙafarsa ta rufta, itacen duk ya zama ɓawo. Dami arba'in a ƙasa, ga ruwa ya sauko. Surukina ya ce sakacina ne, har yau ba ma gaisawa sosai.

Ta Illela: Allah Ya mayar da alheri, Baba. Amma mu nan gayyatar gara muke. A ramin tassa, wato ƙaramin ramin shuka mai tara ruwan sama, muna zuba taki, ta zo ta huda ƙasa, ruwa ya shige. Tururuwa ce ke kwashe iri daren shuka. A yunwar 2005 har gidanta aka riƙa tonawa a ɗebo hatsi.

Baba Manomi: 'Yata, kin taɓa kafa rumbu da hannunki?

Ta Illela: Ni nake auna abin da ke cikinsa.

Sarkin Zolaya: Ku bar masa surin, ruwan fari ya ci shinge soyayye kyauta.

Mai Kalwa: Maganin gara dubu huɗu na saya.

Na Kasuwa: Ina? Dubu tara ne. Sai dai ruwan bula aka ba ka.

Mai Kalwa: To wallahi na zuba rabin kwalba a suri, bayan sati suka yi sabon gini a kai.

Na Kasuwa: Ai jabu ya cika kasuwa. Bara takin da na saya rabinsa yashi ne, mai shagon ya ce ƙasata ce ta gaji.

Ɗan Gumel: Jama'a, rumbun fa? Gabas ko yamma?

Baba Manomi: Wane shago ne, Na Kasuwa? Ina jin shi ya sayar min.