Neman shawara: ina so a zana mini tsoffin sulallan Rumawa

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Padova, ƙasar Italiya, ina rubuta ɗan littafi da Hausa kan Septimius Severus, sarkin Rum haifaffen Leptis Magna a Libiya ta yau, wanda ya yi mulki daga 193 zuwa 211. Wani dattijo maƙwabcina yana da sulallan azurfa tara masu ɗauke da hoton kan sarkin, gadon mahaifinsa. Ya yarda a zana su, amma ya ce ba za su fita daga gidansa ba, kuma kada sunansa ya fito. Ni zane irin na da nake so, wanda ake kartawa a farantin jan ƙarfe a buga a takarda. Ta ina zan fara?

Malamin tarihi: Wa alaikumus salam. Kafin ka biya ko sisi, kai hotunansu wurin masanin sulalla ya tantance. Garin da kake nan ne Giovanni da Cavino ya yi suna a ƙarni na 16 wajen ƙera kwaikwayon sulallan Rum, har yau na hannunsa suna yawo a cikin kayan gado. Shi dai manya na tagulla ya fi yi, amma na azurfar ma jabunsu sun cika kasuwa. Ka kuma gwada su da na OCRE, rumbun bayanan sulallan sarakunan Rum a intanet, kyauta ne.

Wata 'yar uwa mai zane: Yaya, sharaɗin dattijon ba matsala ba ne. Dinarin Rum, wato irin sulallan azurfar nan, bai kai faɗin santimita biyu ba, ko an ba mai zane a hannu sai ya sa gilashin ƙara girma. A ɗauki hoton gaba da baya, hasken ya zo ta gefe don rubutun ya fito, a ajiye ma'auni kusa da shi, a rubuta nauyin kowane. Kada a goge su, wallahi gogewar nan ita ke kashe darajarsu. Sannan ka ja kunnen mai zanen: abin da ya karta a faranti juyewa yake a takarda. In ya manta, sarkin da ke kallon dama zai koma kallon hagu, rubutun kuma ya fito a birkice.

Wani ɗalibi: Ni ban ga dalilin wahalar ba. Hoto ya fi arha, ya fi gaskiya.

Malamin tarihi: Ɗana, rabin maganarka daidai ce. Wani mai zane, Hubert Goltzius, ya zaga taskokin masu tara sulalla a Turai wajen 1558 zuwa 1560, zanensa gwanin kyau, amma daga baya masana suka gano wasu sulallan da ya buga babu su a duniya. Haɗarin ke nan: hannun gwani ba ya son barin gurbi, in harafi ya goge sai ya cike shi da ka. Mai tambaya, sa a rubuce cewa inda ya lalace a bar shi a lalace, kuma ka ga zanen fensir ka sa hannu kafin a taɓa farantin.

Wani mazaunin Brescia: Ku daina mantawa da doka. A Italiya, tun 1909 kayan tarihin da aka tono a ƙasa na gwamnati ne. Tambayi dattijon cikin ladabi ko yana da takardar sayen mahaifinsa, ka kuma karɓi izininsa a rubuce. A littafin sai ka ce "daga taskar wani mutum a Padova".

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Na tambaye shi ɗazu, ya ce akwai rasit na shida, ukun kuwa sai ya bincika akwatin mahaifinsa. Da shidan zan fara.