Ɗigon ruwan ayon ya ƙi tsayawa a kan gilashi, ina mafita?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina auna kusurwar da ɗigon ruwan ayon ke yi da gilashi, ruwan ayon kuwa shi ne irin gishirin nan da ke zama ruwa ƙasa da digiri 100 na Selshiyos. Wanda ake kira BMIM-BF4 nake amfani da shi. Ɗigon ba ya tsayawa, sai bajewa yake a hankali, kusurwar tana ta raguwa. Kuma ba ƙafewa ba ce, don kusan ba ya tururi. Wace lamba zan rubuta?

Wani malamin sinadarai: Wa alaikumus salam. Ɗana, gaggawa ba ta yi a nan. Ruwan nan ya fi ruwan sha kauri kusan sau ɗari. Ga ɗigon da ke jiƙa gilashi sarai, dokar Tanner ta 1979 ta nuna sai lokaci ya ninka kusan sau dubu kafin faɗinsa ya ninka biyu. Ka ɗauki bidiyo, ka zana kusurwa da lokaci, ka ga ko za ta daidaita.

Wata mai bincike: Gafarta Malam, ni laima nake zargi. Mai BF4 yana tsotsar danshin iska, har yana gauraya da ruwa. Da ya sha, kaurinsa ya ragu, sai a wayi gari wani abu daban ake aunawa. Ɗan'uwa, ka busar da shi a injin zuƙe iska da ɗan zafi, ka duba ruwan da ya rage da gwajin Karl Fischer, sannan ka auna a rufaffen akwati mai naitirojin. Ka kiyaye kuma: BF4 in ya daɗe da ruwa yana iya sakin asid ɗin HF, mai cin gilashi da fatar mutum.

Wani ɗalibi: Ka wanke gilashin da kyau kuwa? Maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya canja kusurwa.

Mai tambaya: Na gode. Yaya, in na koma wani ruwan ayon, mai NTf2 a madadin BF4 fa, tunda ba ya son ruwa?

Mai binciken: Zai rage maka wahala, amma shi ma yana shan danshi kaɗan. Jan samansa, wato ƙarfin da ke tattare ɗigo wuri ɗaya, kusan 33 mN/m ne, na BF4 kuwa kusan 44, don haka ka sa ran zai fi bajewa. Kada ka dogara da lamba ɗaya. Lissafin Young na 1805, wanda ke ba da kusurwa guda ɗaya ga ɗigo, fuska mai santsi tsaf yake nufi. Ka auna kusurwa lokacin da kake ƙara ɗigon da lokacin da kake janye shi, ka rubuta duka biyun tare da yawan laimar ɗakin.