Jarina ya kai dala 900 a wasan foka na intanet: in haura teburin dala 50 ko in dakata?

Ɗan Kabuga ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka, kuma ina roƙon a amsa mini da lissafi. Shekara biyu ke nan ina buga kartar foka ta intanet, nau'in Texas Hold'em a teburin mutum shida, kuma tun da na ajiye gyaran waya a Farm Centre ba ni da wata hanyar samu sai ita. Na fara ne daga teburin da kuɗin zamansa, wato kuɗin da mutum ke zama da shi a teburin, dala 10 ne, yanzu kuwa ina na dala 25, inda babban zubin dole, wato mafi girma cikin kuɗin da ake zubawa tilas kafin a raba karta a kowane zagaye, yake santi 25. A zagaye 40,000 na baya-bayan nan, manhajar da nake ajiye lissafi da ita ta nuna ina cin babban zubi 4 a kowane zagaye 100, wato dala 400 ke nan gaba ɗaya, kuma jarina ya kai dala 900.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wata biyu cur na yi kafin in tara wannan dala 400, ina zaune gaban kwamfuta daga bayan isha'i har ƙarfe uku na dare, kuma idan aka cire kuɗin data da man janareta abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Shin lokaci ya yi da zan haura teburin dala 50, tunda a can cin zai ninka?

Mai Lissafi ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, tunda lissafi ka nema, ga shi. Dala 900 kuɗin zama 36 ne a teburin da kake, amma da zarar ka koma na dala 50 ya zama 18 kawai. Tsohuwar ƙa'ida ta ce a riƙe 20 zuwa 30, kuma wannan ga wanda yake da albashi ne a gefe. Wanda wasan ne abincinsa, yawancin masu koyarwa 50 zuwa 100 suke ba shi shawara, domin asarar kuɗin zama 20 a jere tana samun ƙwararre ba tare da ya yi wani kuskure na musamman ba.

Magana ta biyu ta fi wannan nauyi, kuma ita ce mutane ba sa son ji. Zagaye 40,000 ba su isa su tabbatar da cewa kana ci ba. A teburin mutum shida, hawa da saukar da sa'a ke jawowa yakan kai babban zubi 80 zuwa 100 a kowane zagaye 100. Idan muka ɗauki 90, to a zagaye 40,000 sakamakonka na iya kaucewa gaskiyar iyawarka da kimanin zubi 1,800 sama ko ƙasa, alhali duk abin da ka ci zubi 1,600 ne. Ma'ana, mutumin da bai ci bai faɗi ba ma yana iya ganin irin wannan riba a allonsa ya ɗauka gwaninta ce.

Kada kuma ka zaci cin zai ninka don kuɗin teburi ya ninka. Gaskiya ne kamashon da shafin ke cira, wanda yawanci yana wajen kashi 5 cikin 100 na kuɗin da aka zuba har zuwa wata iyaka, yakan ɗan yi sauƙi a manyan tebura. Sai dai a can masu wasan nishaɗi sun ragu, waɗanda suka rage kuwa mutane ne da ke bitar wasansu da manhaja kowace rana, kuma cikin mako guda za su gane inda kake yawan janyewa su riƙa matsa maka a nan. Idan ka ga lallai sai ka gwada, ka jira jarin ya kai dala 1,500, ka ware dala 200 kacal, ka rubuta a takarda tun kafin ka zauna cewa ranar da ta ƙare ka koma teburin dala 25.

Tsohon Hannu ya amsa:

Ƙanena, lissafin da aka ba ka daidai ne, amma akwai abin da bai shiga ciki ba, kuma shi ya kayar da ni. Na taɓa kaiwa teburin dala 100 da jari mai kauri, ina jin babu wanda ya kai ni. Abin da ban lura da shi ba shi ne daga cikin jarin nake biyan haya, daga ciki nake cefane, kuma da bikin ƙanwata ya taso daga ciki na yi gudummawa. Duk ɗan kasuwar Kwari ya san abin da ke samun mai cin uwar kuɗi, amma ni da yake lambobi nake gani a allo ban ɗauke su uwar kuɗi ba.

Ina tuna wani dare cikin zafin watan Afrilu, na zuba fiye da rabin kuɗin da ke gabana da karta mai kyau a hannu, sai aka ɗauke wuta. Kafin in lalubo waya in haɗa intanet da ita, lokacina ya ƙare, shafin ya ɗauka na janye. Asarar ba ta kai dala 70 ba, amma haushinta ya sa na zauna har kiran assalatu ina neman ramuwa, na tashi babu dala 600. A ƙaramin teburi irin wannan daren ciwon kai ne kawai, a babba kuwa kuɗin hayar wata da watanni ne, musamman tun da aka saki naira a 2023 dala ta haura 1,000, kowace asara mutum sai ya juya ta zuwa naira a zuciyarsa hannunsa ya fara rawa.

Sannan kada ka bar jarinka duka a shafi ɗaya. A ranar 15 ga Afrilu 2011 hukumomin Amurka suka rufe manyan shafukan foka a ƙasarsu, kuma masu kuɗi a Full Tilt, ɗaya daga cikin shafukan, sai da suka shafe shekaru kafin a biya su. Waɗannan suna da kotun da za su kai ƙara. Kai da kake Kano, idan aka riƙe maka kuɗi, gaban wa za ka je ka faɗi inda ka samo su?

Malam na Gwale ya amsa:

Ɗana, ka ce lissafi kake so, kuma ba zan tsawaita ba, amma ba daidai ba ne a tattauna wannan a tsakanin Musulmi a yi shiru a kan hukuncinsa. Duk ƙwarewar da ke cikin wasan, kuɗi ne ake zubawa a kan kartar da ba a san yadda za ta faɗo ba, kuma abin da ka ci daga aljihun wani ya fito, wanda shi ne maisir, wato caca, da aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta haɗa shi da giya. Aya ta 219 ta Baƙara ma ba ta musanta cewa akwai ɗan amfani a ciki ba, ta dai ce zunubinsa ya fi amfaninsa girma. Ta fuskar doka kuma, ka san Hisba ta rufe shagunan caca a garin nan a 2024, kuma a watan Nuwamban shekarar Kotun Ƙoli ta yanke cewa jihohi ne ke da ikon tsara harkar caca a cikinsu. Kana da sana'a a hannunka, kuma dala 900 ta isa ta buɗe maka teburin gyaran waya da kayan aikinsa.

Ɗan Kabuga ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Malam, na ji, kuma ba ni da hujjar da zan kawo, domin ko mahaifiyata har yau ta ɗauka aikin kwamfuta nake yi wa wasu Turawa da dare. Mai Lissafi, na koma na duba littafina kamar yadda maganar Yaya Tsohon Hannu ta sa ni yi, sai na tarar cikin wata shida na cire dala 1,100 don hidimar gida, kuma jarin nan tun watan azumi yake tsakanin 800 da 900 bai motsa ba. Batun teburin dala 50 na ajiye shi. Tsohon maigidana na Farm Centre ya kira ni sau biyu a watan jiya ban ɗaga ba, ina ganin gobe bayan la'asar zan leƙa shagon.