Injin shara mai batir: zai yi mana aiki a ƙauye kuwa?

Malamar Firamare, Ringim

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga wanda ya taɓa riƙe abin da hannunsa.

Ina zaune a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Ringim, ina koyarwa a firamare. Ɗana na biyu yana da asma, shekararsa shida. Daga shigowar hunturu har zuwa ƙarshen Fabrairu ba ma samun barcin kirki, tari ne da numfashi sama-sama. Duk sanda zan yi shara sai na fitar da shi waje. A uwar ɗaka leda ce a kan siminti, ina yayyafa ruwa na share na goge, ba matsala. Falon ne damuwata, don kafet ne malale bango zuwa bango, ga kujeru. In na sa tsintsiyar kwakwa, ƙura ta tashi ta cika ɗakin, bayan ɗan lokaci ta koma ta kwanta inda ta taso. Ga yashin da yara ke kwasowa da ƙafa daga tsakar gida, kun dai san ƙasarmu ta Jigawa.

Ƙanin maigidana yana aiki a Kano, shi ya ce ya ga wani injin shara marar waya, siriri mai tsawon sanda, da batir yake aiki, hannu ɗaya ma ya isa a riƙe shi. Ya ce in ina so zai sayo mini. Kafin ya kashe kuɗinsa nake so na ji: zai iya da yashi da ƙurar hunturu? Wutar layi takan yi kwanaki ba a kawo ba, abin da muke da shi sola ce, faranti ɗaya, batir ɗaya da ƙaramar inbata, ita ke ba mu fanka da fitila da cajin waya. Za ta ɗauki cajinsa? Kuma babban abin da ya dame ni, zai rage wa yaron nan wahala ko kuwa kayan ado ne kawai? Allah ya saka da alheri.

Mai Haɗa Sola, Gumel

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba yaro lafiya.

Batun caji ki kwantar da hankalinki. Yawancin irin wannan injin batirinsa na litiyam ne, ƙwaya shida a jere, irin waɗanda ake samu a cikin batirin tsohuwar kwamfutar hannu, su ke ba da 21.6V ɗin da za ki gani a rubuce a jikinsa. Wutar da yake sha kafin ya cika ba ta wuce ta manyan wayoyi uku ko huɗu ba, cajarsa kuma wat 20 zuwa 30 take ja, ko fankar tsaye ta fi ta ci. Sai dai yana ɗaukar awa 3 zuwa 5 kafin ya cika, don haka ki sa shi da hantsi lokacin da rana ke dukan faranti, kada ki bari sai dare ya shanye miki abin da kika tara wa fanka. Ta inbata za ki jona shi. Wanda solarsa ta ƙananan nan ce mai ramin cajin waya kaɗai, ba za ta yi masa ba.

Abu biyu ki gaya wa ƙanin naku. Na farko ya duba bayan cajar, in ya ga 100-240V to lafiya lau. In 120V kaɗai aka rubuta, kayan Amurka ne, wutarmu 230V ce, jonawa ɗaya ta ƙone. Na biyu ya tambaya ko batirin ana cire shi a sake, kuma ko ana samunsa a kasuwar Sabon Gari. Wannan shi ne ran injin. Na hannu da ake kawowa daga Turai za ki gan su fes, amma batirin ya riga ya gaji, a shago ya yi ta ruri, ki kai gida ko falo bai gama ba ya mutu. In na hannun zai saya, ya sa a cika masa caji, ya kunna ya tsaya a kai ya ga minti nawa zai yi.

Kada kuma ki yarda da mintunan da ke jikin kwali kai tsaye. Ko injin Dyson V8, wanda ake ji da shi, minti 40 ɗin da suke faɗa a ƙaramin gudu ne. In aka danna shi a ƙarfi na ƙarshe wajen minti 7 yake yi. Zafi ma yana cinye irin wannan batir, don haka a Afrilu da Mayu kada a ajiye shi a ɗakin kwano marar silin, kuma kada a sa shi caji yana da zafi daga gama aiki.

Maman 'Yan Biyu, Dambatta

'Yar uwa sannu da jinya. Ni ina da shi, yayana ne ya kawo mini lokacin da nake da cikin 'yan biyu, bayana ya hana ni sunkuyo. Ba mai tsadar ba ne, irin na Chana ne. Bari na gaya miki yadda muke da shi.

Ranar farko da na bi kafet ɗin falona da shi, wanda na share da safiyar ranar, abin da ya taru a kwalbar da yake tara shara a ciki ya ba ni tsoro. Jikinta garau yake, kina ganin komai yana juyawa. Yashi ya kwanta a ƙasa, a samansa wata ƙura mai laushi launin toka, sai gashin kitso da zare sun dunƙule. Ashe duk sharar da nake yi sama-sama ce. Tun daga nan ba na sa wa kafet tsintsiya. Na kan cire dogon bututun na sa ɗan siririn bakin na bi lungun kujeru, inda ɓawon gyaɗa da burbushin biskit ke maƙalewa, na bi gefen katifa da bayan gado da ramin taga. Yanar gizo ta kusurwar silin ma ɗaga shi kawai nake, don nauyinsa bai kai kilo uku ba. A nan kam babu abin da zan ce sai godiya.

Amma ki ji inda yake gazawa. Kwalbar ƙarama ce, kusan rabin lita, a hunturu kafin na gama falo ta cika sai na je na zubar. Yashi mai yawa kuma yana ba shi wuya, za ki ji yana ƙarar tsakuwa a cikin bututu, wani ma ya zubo baya in kin kashe. Abin da nake yi, bakin ƙofa inda yashi ke taruwa na fara kwashewa da tsintsiyar laushi da faka a hankali, sannan injin ya bi sauran. Na kuma shimfiɗa tsohon buhu a waje da ƙaramar darduma a ciki, kowa ya cire takalmi ya goge ƙafa. Wannan kaɗai ya rage mini rabin aiki.

Tsakar gida, rumfa, zaure, madafa, duk ki bar wa tsintsiya. Kada ki kuskura ki zuƙi toka da shi, ko garin tuwo da ya zube, ko siminti, nan take suke toshe matatar da ke tace ƙura a cikin injin. Tokar kaskon turare ta fi haɗari, don garwashi kan ɓuya a ciki, jikin injin kuma roba ne. Ruwa ma haka, ko fitsarin yaro ne a kafet ki bari ya bushe tukuna.

Matatar nan ita ce sirrinsa. Da zarar kin ji ƙarfinsa ya ragu, ko yana kunnawa yana ɗaukewa, ba lalacewa ya yi ba, ita ce ta cika. Kwalin ya ce a wanke sau ɗaya a wata, to su ba su san hunturunmu ba, ni a lokacin sanyi duk Juma'a nake cirewa. Na fita bayan gida na kakkaɓe, na wanke da ruwa zalla ba omo, na shanya a inuwa kwana ɗaya cur. In kika mayar da ita da danshi wari za ta yi, kuma tana iya kashe injin. Ki ce a sayo miki guda biyu, ɗaya na bushewa ɗaya na aiki. Burushin ƙasa mai juyawa kuma gashi na naɗe shi, sai ki kifa shi ki bi da almakashi. Ki ajiye shi inda yara ba sa kaiwa, nawa 'yan biyun sun taɓa zuƙe hular jariri da shi, sai da muka kwance bututun.

Tsohon Ma'aikacin Lafiya, Birnin Kudu

'Yata, Allah ya ba jikana lafiya. Na karanta abin da suka faɗa, duk gaskiya ne, amma ni ta wajen yaron zan yi magana, don na daɗe ina ganin irinsa a asibitin karkara.

Kafet ɗin nan da kika ce bango zuwa bango, shi ne babban abokin gabar mai asma. Yana riƙe ƙura, kuma akwai wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani da ke rayuwa a cikinsa da cikin katifa da matashi, kashinsu na tayar da ciwon. In za ki iya, ki naɗe shi ki mayar da falon leda kamar uwar ɗakar, ki riƙa gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. Na san mata da kafet ɗin aurensu, ba abu ne mai sauƙi ba, amma numfashin yaro ya fi.

In kuma injin za ki saya, ki sani iskar da ya zuƙa tana fitowa ta bayansa. In matatarsa ba ta da kyau, yashin kawai zai riƙe ya feso miki ƙura mafi laushi, wadda ita ce ke shiga can cikin huhu. A nemi wanda aka rubuta HEPA a jikinsa, wato wata irin matata mai inganci, ta gaskiyar tana tare kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyin ƙura masu girman maikiron 0.3, wato ƙanana sosai da ido ba ya gani. A duba kuma robar bakin kwalbar tana rufewa gam. Ko da shi, yaron ya fita waje lokacin shara, kuma a zubar da kwalbar nesa da ɗaki, a cikin leda, ba a gabansa ba.

Ƙurar hunturu daga nesa take zuwa, yawancinta daga kwarin Bodele a arewacin Chadi iska ke kwaso ta, ba wanda ya isa ya share ta daga sama. Abin da ke hannunki shi ne ki toshe kafofin taga da ƙasan ƙofa, ki sa labule mai kauri ki riƙa wanke shi. Sannan hayaƙi: turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, icen girki. Na sha ganin uwa ta share ɗaki tas, ta kawo kasko ta turare shi, da dare a kawo mana yaro. Ku koma gidan sauro. Maganinsa na shaƙa kuma kada ya yanke, kada a ce an sayi inji a daina zuwa asibiti.

Malamar Firamare, Ringim

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, maganar turaren nan ta taɓa ni, don kullum bayan magariba sai na sa, daga yau na daina a ɗakin da yake kwana. Mun yi magana da maigidan, ya yarda a naɗe kafet ɗin a kai ɗakin baƙi, a sa leda, a bar ƙaramar darduma a tsakiya wadda za a iya fitarwa a kakkaɓe. Injin kuma zan karɓa saboda kujeru da katifu da dardumar, su ba sa goguwa da tsumma. Na tura wa ƙanin namu duk abin da kuka lissafa, har da matata biyu.

Malam mai sola, saura tambaya ɗaya. In mun tafi hutun makaranta gidanmu a Taura, na bar shi a jone ko na cire?

Mai Haɗa Sola, Gumel

Ki cire shi Malama. Ki bar shi da kamar rabin caji, kada ya zama fanko kuma kada ya cika taf, ki sa shi a wuri mai sanyi kamar ƙasan gado. In batirin mai cirewa ne ki zare shi ki ajiye daban. Ranar da kika ga ya kumbura ko yana zafin da hannu ba ya iya riƙewa, kada ki sake jona shi, kada kuma a jefa shi a bola inda ake cinna wuta. Ki ba ƙanin naku ya kai wa masu gyara a Kano su sake masa ƙwayoyin.