Madarar akuya ta ƙone min a haɗin sabulu, ina na yi kuskure?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da jajayen awaki uku, biyu sun haihu, sai na ce bari in gwada sabulu da madararsu. Jiya na tatso kofi biyu, na juye kostik soda a ciki gaba ɗaya. Nan take ta ɗau zafi, ta koma ruwan goro, ta guntse, ga wani wari mai shiga ido. Na daure na haɗa da man kaɗanya da man kwakwa, na zuba a mazubi na lulluɓe da bargo. Da safe na tarar ya tsage a tsakiya, mai yana tsatsafowa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don man nan da tsada na saya. Me zan gyara?

Maman Ilham: Wa'alaikumus salam. Ƙanwata, zafi ne ya cuce ki. Soda in ta shiga ruwa zafi take haifarwa, madara kuma akwai sukari a cikinta, shi ne ya ƙone. Ki daskarar da madarar ta zama ƙanƙara tukuna, ki ɗora kwanon a cikin ruwan sanyi, ki riƙa barbaɗa soda cokali-cokali kina juyawa. Ni nakan kwashe minti 15 a wannan kaɗai. In kin yi daidai, launinta ba zai wuce ruwan ƙwai mai haske ba. Bargon nan kuma ki bar shi, sabulun madara da kansa yake ɗumama, balle a zafin garinmu. Shi ya fasa miki shi.

Mai tambaya: Anti, unguwarmu wuta sai ta kwana biyu ba a kawo ba. Ina zan ga firiza?

Maman Ilham: To narkar da sodar a ruwa zalla, nauyin ruwan ya ɗan fi nata, ki bari ya huce sarai. Ki haɗa da mai, sai ya fara kauri kamar koko ki zuba madarar da sanyinta. Ƙanƙarar 'yan talla ta isa ta sanyaya miki ita.

Hajiya Babba: Ni "kofi biyu" ɗin nan ne ya tsaya min a rai. 'Yata, sabulu ba a yinsa da kofi, sai da sikeli, don kowane mai da sodar da yake ci. Giram 100 na man kwakwa yana son kusan giram 18 na soda, na kaɗanya kuwa kusan 13. In soda ta yi yawa fata za ta ci, kuma a jikin yara za a fara gani. Ruwa da madara a haɗe su kai kamar kashi ɗaya cikin uku na nauyin man. Sannan wace tukunya kika sa? In ta alminiyam ce kada ki sake, soda tana cinta. Nemi roba mai kauri. Sa safar hannu da tabarau, ki yi a tsakar gida, yara na nesa. In ta fallatsar miki, ki yi ta kwarara ruwa a wurin.

Mai tambaya: Na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Ta alminiyam ɗin ce kuwa. Wanda na yi jiya fa, za a iya wanka da shi?

Hajiya Babba: Da launi da wari ne kawai, da na ce ki yanka ki shanya a inuwa sati 4 zuwa 6, warin kan tafi. Amma tunda ba ki auna ba, kada ya taɓa jikin kowa. In ya taurare ki wanke tsummoki da shi, da safa a hannunki.