Zuwa aiki a kan babur kullum: me kuka gani a hanya?

Ma'aikacin kamfani, Bachirawa, Kano

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Bachirawa, ina aiki a wani kamfani da ke Bompai, kuma shekara huɗu ke nan ina zuwa aiki a Adaidaita Sahu. Kafin ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, kuɗin mota bai taɓa hana ni barci ba. Amma tun da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, sai na wayi gari abin da nake ba masu Adaidaita a wata ya kusa kai kuɗin cefanen gidana na mako biyu. Hawa biyu nake yi a tafiya, biyu a dawowa, kuma idan na bari ƙarfe bakwai da rabi ta yi mini a gida, cunkoson Kurna da Ƙofar Ruwa kaɗai ya isa ya sa na makara. Ƙungiyar taimakon kai da kai ta wurin aikinmu ta yarda ta ba ni rancen sayen babur, a riƙa cira daga albashina har shekara biyu, sai dai mahaifiyata ba ta so ko kaɗan. Na iya babur tun ina saurayi a ƙauye, amma ban taɓa shiga da shi tsakiyar gari da safe ba. Ina roƙon waɗanda suke wannan tafiya kullum su faɗa mini abin da suka gani da idonsu, daɗinsa da wuyarsa.

Malamin sakandare, Rijiyar Zaki, Kano

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na fara zuwa aiki a babur a 2007 da wani Jincheng na hannu, yau kuma Boxer nake hawa, shi ne na uku da na mallaka. Ta fuskar kuɗi babu gardama, domin lita ɗaya tana kai ni makarantar da nake koyarwa a bayan gari ta dawo da ni har da saura, matuƙar injin yana da lafiya kuma tayoyin suna da iska. Sai dai kada ka tsaya a lissafin fetur, a nan ne sababbin masu babur suke tuntuɓe. Akwai juyen baƙin mai, wanda nake yi duk mako uku saboda ƙurar garin nan. Akwai filogi da birki. Akwai sarƙa da haƙoranta, waɗanda bakanike mai gaskiya zai ce maka a canza su tare. Akwai tayar baya da take suɗewa tun ba ka shirya ba, ga mai faci da za ka riƙa ziyarta ko ka so ko ba ka so. Ni duk ranar da na sha mai sai na ware wani abu na ajiye don gyara, saboda ranar da sarƙa za ta tsinke ba ta duba ko an yi albashi.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne hular kwano. A ranar 1 ga Janairu 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya ta, kuma na ga 'yan acaɓa a garin nan sun kifa ƙwarya a ka don kada a kama su, fasinjoji kuma suna ƙin sawa saboda tsoron cutar fata da jita-jitar asiri. Ni ma a lokacin wata mai arha na saya, ina rataye ta a hannun babur, sai na hango jami'i nake ɗora ta. Abin da ya canza ni shi ne rasuwar wani abokin aikina, Allah Ya jiƙansa. Tare muka taso daga makaranta, yana gabana, ba gudu yake yi ba, akuya ce ta shigo titi ya kauce mata, tayarsa ta hau yashin gefen kwalta ya faɗi, ƙeyarsa ta daki bakin lambatu. Babu karaya a jikinsa, ko rigarsa ba ta yage ba. Ni na tattara takardun jarrabawar ɗalibansa da suka warwatse a titi, na ɗauko hularsa da ta faɗa cikin kwata, kuma bai kwana biyu a asibiti ba ya cika. Tun daga ranar ban sake tada babur kaina a buɗe ba, ko da masallacin unguwa za ni, kuma igiyar haɓa a ɗaure, don hular da ba a ɗaure ba ita ce take fara tashi.

Titin da za ka shiga ba shi ne na zamaninmu ba. Bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero a Janairun 2013, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa da goyo a cikin birni, babura suka ragu, Adaidaita ta cika gari. Mai Adaidaita idonsa yana kan fasinja, da an ɗaga masa hannu zai yanke zuwa dama ya tsaya ba tare da sigina ba, saboda haka kada ka taɓa bi ta damarsa. Tirela da tifa kuwa, ko dai ka wuce su gaba ɗaya ko ka bar su su tafi, amma kada ka jera da su, domin direban da ke can sama ba ya ganinka.

Ma'aikacin jinya, Zariya

Na yarda da duk abin da Malam ya faɗa, amma zan ƙara da abin da hula ba ta karewa. Ina aiki a sashen da ake kawo waɗanda suka yi haɗari, kuma abin da na fi gani a jikin masu babur shi ne karayar ƙwauri da cinya, da ƙunar salansa a ƙafa, da yatsun da suka daddatse saboda mutum ya hau da silifa. Irin wannan karaya takan kwantar da magidanci wata uku ko fiye, kuma rance ba ya tsayawa don mai shi yana kwance. Wannan ne ya sa batun cira daga albashi har shekara biyu bai kwanta mini ba.

Ni kaina na faɗi sau ɗaya a shekara tara, kuma gajiya ce ta kayar da ni. Na kwana a wurin aiki, na taso da safe zan koma Samaru, an yi ruwan farko na damina cikin dare. Ruwan farko shi ne mafi haɗari, domin yana taso da baƙin mai da ƙurar da suka taru a kan kwalta tun rani, titi ya zama kamar an shafa masa sabulu. Na wuce Kwangila kaɗan sai motar gabana ta taka birki, ni kuma da yake idona yana lumshewa ban ankara da wuri ba, na damƙe birkin gaba da ƙarfi, tayar ta zame, na tafi a gefena har tsakiyar titi. Allah Ya sa babu mota a bayana. Fatar tafin hannuna ta dama ta saluɓe, na yi mako biyu ba na iya riƙe allura. Yanzu ina sa safar hannu da takalmi sau ciki, kuma idan na yi aikin dare sai na kwanta na awa ɗaya kafin na kama hanya, ko na bar babur ɗin na hau mota. A hunturu kuma ina kunna fitila ko da rana saboda hazo, ina rufe hanci da ƙirji, don sanyin asuba a kan babur ya taɓa sa mini tarin da ya ƙi jin magani har wata guda.

Ma'aikaciyar banki, Maraɗi, Nijar

Sallama gare ku. A nan wajenmu ba baƙon abu ba ne mace ta tuƙa moto, wato babur, zuwa aiki, kuma shekara shida ke nan ina hawa ƙarama marar kulochi. Na saye ta ne saboda jiran kabu-kabu da safe yana cinye mini lokaci, ga shi ba na jin daɗin hawa bayan wanda ban sani ba kowace rana. A da muna shan man da ake shigo da shi daga Najeriya ta Jibiya da Ɗan Isa, ana sayar da shi a kwalabe a bakin hanya da arha, amma tun da aka janye tallafi a wajenku arhar ta ƙare, muka koma gidan mai. Hakan ya yi wa injina kyau, domin man kwalba ya sha toshe mini shi da datti.

Abin da ya same ni ya shafi duk mai sa doguwar tufa, mace ko namiji mai babbar riga. Wata safiya gefen hijabina ya sauka ta baya ban sani ba, ya shiga tsakanin sarƙa da taya, sai na ji an fizgi wuyana baya da ƙarfi, numfashina ya tsaya. Da yake a hankali nake tafiya cikin unguwa, moto ta mutu na faɗi a kan rairayi, wata dattijuwa mai sayar da ƙosai ta rugo da wuƙa ta yanke ƙyallen. Shatin ya yi kwana goma a wuyana. Yanzu kafin na tada moto sai na tattare hijabin na zauna a kansa, na kuma duba cewa murfin sarƙa yana nan, saboda wasu masu gyara sukan cire shi su ƙi mayarwa. Game da rairayi, wanda ya fi kwalta yawa a unguwanninmu, na koyi cewa ba a taɓa birkin gaba a cikinsa, ba a kuma murɗa kai da sauri. A sassauta hannu a bar moto ta nemi hanyarta.

Yayana mai tambaya, kada ka ɗauki tsoron Hajiya da wasa, kuma kada ka sayo babur ta gan shi a ƙofar gida ba da saninta ba. Mahaifina ma ya ƙi da farko, sai da na zauna na nuna masa lissafin, na sayi kaske, wato hular kwano, tun kafin na sayi moto, na yi masa alkawarin ba zan kai magariba a hanya ba, sannan ya sa mini albarka.

Maɗinki, Mararraba, Jihar Nasarawa

Tawa gajeriya ce. Shagon da nake aiki yana cikin Abuja, inda aka hana acaɓa a tsakiyar birni tun 2006 lokacin Nasiru El-Rufa'i yana minista, saboda haka nakan hau babur daga gida zuwa bakin babban titi ne kawai, na bar shi wurin masu gadi da nake biya kullum, na shiga bas. Rabin hanya ke nan, amma ya rage mini hawa ɗaya safe da yamma. Shawarata ita ce ka yi rajista ka sa lamba, ka riƙe lasisi da katin wurin aiki a aljihu, ka kuma bincika abin da doka ta ce a kan goyo a garinku yanzu kafin ka ɗauki kowa, domin mai babur na kansa da ba shi da takarda ba shi da abin da zai nuna ya bambanta kansa da ɗan haya.

Ma'aikacin masana'anta, Sharaɗa, Kano

Ɗan uwa, ni na bi hanyar da kake shirin bi. Na karɓi rance na sayi sabon babur, kuma ka san sabon Boxer yanzu ya haura naira miliyan ɗaya. Wata biyar na more shi. Wata ranar Alhamis bayan isha'i na tsaya a bakin wani shago zan sayi burodi, na kulle wuya kawai saboda ina ganin ba zan wuce minti biyu ba, na fito da ledar a hannu na tarar da wurin wayam. Na kai rahoto, na zaga kasuwannin babura har na gaji, ban sake ganinsa ba. Wata goma sha tara aka ci gaba da cirar kuɗinsa daga albashina, ina kuma biyan Adaidaita kamar da, kuma ba na jin na taɓa shiga ƙuncin da ya kai na wannan lokaci.

Na sake sayen wani na hannu bara, da kuɗin adashi. Makullin wuya ba ya tsare komai, da ƙarfi ɗaya ake karya shi, don haka ina zura sarƙa mai kauri ta cikin tayar baya na datse da kwaɗo ko da ruwa zan saya. Na sa mai gyaran wuta ya ɓoye mini wani maɓalli da ke yanke wutar injin, na kuma rubuta lambar inji da ta jiki na ajiye tare da rasit a gida. Tsohon babur mai ƙoshin lafiya bai cika jan idon ɓarawo kamar sabo mai leda a kujera ba.

Ma'aikacin kamfani, Bachirawa, Kano

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri, Ya jiƙan abokin Malam, Ya mayar wa ɗan uwanmu na Sharaɗa da mafi alheri. Jiya da daddare na karanta wa Hajiya duk abin da kuka rubuta, ban tsallake labarin hijabin ba, ban kuma tsallake na takardun jarrabawar ba. Ta yi shiru na wani lokaci, sannan ta ce idan har sai na hau, to kada na ci bashin shekara biyu a kansa. Na je ofishin ƙungiya na nemi a rage rancen zuwa abin da zan biya cikin wata takwas, zan nemi na hannu tare da wani bakanike da muka yi makarantar allo da shi. Hular kwano da safar hannu da sarƙar kullewa na riga na saye su yau a Sabon Gari. Ƙanin matata ya yarda ya ara mini nasa babur ɗin ranar Lahadi da sassafe, lokacin da titi ba kowa, zan bi hanyar daga Bachirawa zuwa Bompai sau biyu don na san inda ramuka da yashi suke kafin na shige ta ranar aiki.