Me za mu kira CrabWalk da Hausa?

Jama'a, masu harkar mota da masu kishin Hausa, ku matso kusa, akwai abin da nake so mu raɗa wa suna yau.

Kamfanin GMC na Amurka yana da wata ƙatuwar a-kori-kura mai aiki da lantarki, Hummer EV. A watan Oktoba na 2020 aka nuna ta, a ƙarshen 2021 ta fara isa hannun masu saye, nauyinta kuwa ya haura tan 4. Cikin dabarun da aka sa mata akwai wadda suka kira CrabWalk, wato tafiyar ƙaguwa.

Da na faɗi sunan a majalisarmu sai da aka yi dariya har da riƙe ciki. Ƙanena ya ce ƙila ƙafa goma aka yi mata. Wani ya ce a'a, duk wanda ya taɓa ta ba izini sai ta matse masa yatsa. Kawuna, tsohon direban tirela, ya gyara zama ya ce: "Kai yaro, in dai ƙaguwa ce, kada ka ajiye ta a bakin kogi, da safe sai dai ka tarar da rami."

To ga yadda abin yake. Tayoyin bayan motar ma suna juyawa, ba na gaba kaɗai ba. A kwana mai tsauri na baya sukan juya akasin na gaba, shi ya sa duk girmanta take shan kwana a ɗan fili. In aka danna CrabWalk kuwa, sai na baya su bi inda na gaba suka kalla, har digiri 10. Hancin motar na kallon gaba, amma jikinta gaba ɗaya yana ratsawa gefe. A ƙaramin gudu ake yi, don kauce wa dutse ko kututture a hanyar daji mai matsi.

Da muka zo neman sunan Hausa a majalisa, an kawo "zamiya". Wannan ban yarda da ita ba ko kaɗan. Zamiya ita ce taya ta ƙwace wa direba a laka ko a kwalta mai santsi, abin da ake salati a kansa. Ba za mu ba abin da direba ke yi da gangan sunan hatsari ba. An kawo "gicciye", amma in ka ce mota ta gicciye, kowa zai ɗauka ta tare hanya ne.

Ni "kaikaice" ce ta kwanta mini. Ƙaguwa gefe take yi sak, motar nan kuwa gaba take ci tana ɗan ratsewa, kuma wannan shi ne tafiya a kaikaice. Akwai wani dalilin. Chevrolet, wanda shi da GMC duk 'ya'yan General Motors ne, ya sa irin wannan dabarar a Silverado EV, sai ya kira tasa Sidewinder, sunan wani macijin hamada mai tafiya ta gefe. Yau ƙaguwa, gobe maciji. In muka ce za mu bi kowane kamfani muna fassara dabbarsa, sai mun ƙare namun daji. "Tuƙin kaikaice" ya ɗauke su duka, kuma shi nake roƙon 'yan jarida da masu fassara su riƙe.

Sai dai kawu ya kawo hanzarin da na kasa turewa. Ya ce a tasha ba a magana da doguwar kalma: ribas ake cewa, birki, totur. Yaron mota yana tsaye a baya, mota na dab da gogar katanga, ba shi da lokacin "tuƙin kaikaice". Ihu zai yi: "Oga, sa ƙaguwa!" Na maimaita a bakina sau uku, wallahi ta zauna daram.

Saboda haka ga inda na tsaya: tuƙin kaikaice a rubuce, ƙaguwa a gareji da tasha. 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, a wajenku ma "kaikaice" ɗin kuke cewa, ko akwai wadda ta fi ta?